Eka Arba'in da Tsoho a Ciki

Lorna Rautio mai raba wasiƙu ce. Shekara ashirin da shida ke nan tana bin hanya ɗaya, daga gidan wayan garinsu har ƙarshen titin tsakuwa inda gidaje ke ƙarewa daji ya karɓa, mil tamanin da ɗoriya kowace rana ban da Lahadi. A tsakiyar kujerar gaba take zama, hannun hagu a sitiyari, na dama a waje yana buɗe akwatuna yana rufewa. Wannan miƙar ce ta cinye mata kafaɗa. Shekarunta hamsin da takwas, amma in ta tashi da safe sai ta sa hannun hagu ta ɗaga na dama kafin ta iya zura riga.

Rana ɗaya take jira a shekara, sha biyar ga Nuwamba, ranar da ake buɗe farautar barewa. A yankinsu na can arewacin Michigan, ranar nan ko aji ba ya cika a makaranta. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu mahaifinta Reino ya rataya mata bindiga, suka riƙa shiga dajin wani kamfanin katako da ya bar wa kowa hanya a buɗe. Uban ya rasu, ta ci gaba da zuwa ita kaɗai, tana zama a gindin dutse ɗaya, kuma da wuya shekara ta wuce ba ta cika firji da nama ba. Naman nan suke ci ita da mijinta har ƙanƙara ta narke. Sai wata shekara da kaka ta je share wurin zamanta, ta tarar da ƙofar ƙarfe a bakin hanya, da ƙaton kwaɗo, da allon da ke cewa an ba wasu mutanen birni hayar dajin. Ta daɗe a tsaye da manjagara a hannu kafin ta koma mota. Shekara biyu ba ta harba ko harsashi ɗaya ba.

Da mahaifiyarta ta rasu aka sayar da gidan gado, kowa ya karɓi rabonsa. Yayanta ya canja mota, ƙanwarta ta gyara rufin gida. Ita kuwa Lorna tun watan Maris idonta yana kan wani allon sayarwa da aka kafa a kan hanyar aikinta. Eka arba'in ne, tsohuwar gona da daji ya cinye fiye da rabinta: tudu ta gabas, fadama mai duhun itatuwa ta yamma, a tsakiya kufan gida da itatuwan tuffa guda bakwai da ba mai kula da su.

Mijinta Gordy tsohon mai yankan katako ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce itace ya faɗo masa a gadon baya, tun daga nan da sanduna biyu yake tafiya, ya mai da teburin cin abinci wurin wasa sarƙar zarto da gyaran ƙananan injinan maƙwabta. Ranar da ta dawo da takardun fili ya duba taswirar ta saman tabarau, ya ce, "To, madalla. Kin sayi sauro eka arba'in, an ba ki duwatsu gyara."

"Nawa ne dai," in ji ta. "Ba mai sa mini kwaɗo."

Lahadin ƙarshe ta watan Mayu ta shiga da zarto mai inji don buɗe tsohuwar hanyar mota da itatuwa suka faɗa a kai. Ba ta yi awa ɗaya ba ta ji ƙarar mota a bayanta. Wata koriyar akori-kura ce da tsatsa ta ci gefenta, tana tafe tana tari. Wani siririn tsoho ya fito da ƙyar, sanda a hannu, hula mai kunnuwa a kansa duk da rana. Sulo Kivela ne, wanda ya sayar da filin. Shekara ashirin tana zuba masa wasiƙu a akwati, amma maganarsu ba ta taɓa wuce ta ruwa da sanyi ba. Ta dai ji labarinsa kamar yadda kowa ya ji: sulɓin ƙanƙara ya kayar da shi bara, ƙugu ya karye, 'yarsa Joanne ta zo daga Milwaukee ta mai da shi gidan tsofaffi na cikin gari, ta ajiye masa takarda ya sa hannu.

"Sannu da aiki, 'yar Reino," ya ce. "Na san ubanki. Bai iya harbi ba, amma yana da haƙurin zama."

"Sannu, Mista Kivela."

"Sulo. Su Mista suna birni." Ya nuna itacen da take yankawa da bakin sanda. "Wannan bar shi a kwance. Bareyi suna cin tohon da ke fitowa a jikinsa."

"A kan hanya yake."

"Sai ki kewaye. Ni shekara shida ina kewayewa."

Ta yi murmushi, ta jira ya tafi, ta yanke itacen.

Shirin da ke ranta ba mai wuya ba ne a takarda. Za ta share rabin eka a kan tudu, ta shuka ciyawar da bareyi ke so, ta kafa bukkar kwanto ta katako a bisa dogayen ƙafafu huɗu a gefen gabas, inda za ta riƙa hango filin duka. Lokaci ne ba ta da shi. Ƙarfe huɗu take gama wasiƙu, ta biya gida ta dafa wa Gordy abinci, ta cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, ta kama hanya. A watan Yuni ƙananan baƙaƙen ƙudaje suka kumbura mata bayan kunne har tabarau ya ƙi zama. A Yuli sauro ya karɓi aiki. Ƙasar kuwa duk inda ta sa shebur sai ta ji ƙarar dutse. Ta riƙa tone su tana mirginawa gefe, wasu kamar kan mutum, wasu kamar tukunya, har ta tara tsibi biyu. In ta dawo gida sai ta zauna a bakin matakala ta kasa kwance takalmi, Gordy ya jawo kujera ya riƙa tsince mata kaska a wuya da hantsaki.

"Goma sha ɗaya yau," yakan ce. "Su dai sun samu nama tun ba a buɗe farauta ba."

Sulo kuma bai fasa zuwa ba. Wani lokaci ta tarar da shi, wani lokaci ya tarar da ita. Yakan zauna a kan tsibin duwatsunta da kwalbar kofi, yana kallonta tana aiki.

"Waɗannan duwatsun ubana ya tone su tun kafin a haife ni," ya ce wata rana. "Ni ma na tone. Ƙasar nan haifar su take yi."

Da ta fara kafa ƙafafun bukka ya zagaya su sau biyu, ya lashi ɗan yatsa ya ɗaga sama.

"Don wa kike gina wannan benen?"

"Don kaina."

"To ki sa masa labule, ki kawo talabijin, don barewa ba za ki gani ba. Iskar Nuwamba za ta kwashi warinki ta kai musu har gida. A fadama suke kwana. Ta bayan tuffa suke fitowa, su bi tsohon shinge, su koma. Can ƙasa za ki zauna, inda babban itace ya rabu biyu. Barewa talatin da ɗaya na kashe a wurin."

"Can ruwa ne har gwiwa."

"Sai ki sa takalmin roba, yarinya."

Ta ci gaba da buga ƙusa. Ta riga ta ɗauko katako goma sha shida a kafaɗar da ba ta da lafiya ta hau da su tudun nan, ba za ta sauko da su don maganar wani tsoho ba.

Shukar farko ta ƙone. Ruwa ya ɗauke sati biyar, ciyawar ta fito kamar gashin jariri ta bushe. Bukkar kuma, sati biyu da gama ta, beguwa ta hau ta cinye rabin ƙofa da matakai uku na tsani. Lorna ta tsaya tana kallon ɓarnar, ko ashar ba ta da ƙarfin yi. Ta sake sayo iri, ta sake bin ƙasa da manjagara, ta shuka a tsakiyar Agusta ana gobe za a yi ruwa.

Ƙanwarta ta aiko mata da kyamarar da ake ɗaurawa a jikin itace, mai ɗaukar hoton duk abin da ya gifta. Ta ɗaura ta kusa da tuffa. Bayan sati biyu ta ciro katin da hotunan ke ciki, suka zauna da Gordy bayan sun dawo daga coci suna dubawa. Hoton farko reshe ne iska na kaɗawa. Na biyu zomo. Na uku Sulo yana tsintar tuffa. Sulo yana shan kofi. Sulo ya yi gyangyaɗi, baki buɗe. Wata macen barewa da ɗanta, can nesa. Sulo ya juya baya yana fitsari a gindin itace. Sulo ya matso da fuska dab da kyamara yana leƙa ta da ido ɗaya.

Gordy ya yi dariya har ya riƙe baya. "Wannan ai tsohon namiji ne, Lorna. Ƙaho ne kawai babu. Ki nemi lasisinsa."

Ita ba ta yi dariya ba. "Kullum yana wurin. Kullum. Wace barewa ce za ta zo inda mutum ke fitsari?"

"Ki yi masa magana mana."

"In ce masa me? A wurin aka haife shi."

Ruwan Agusta ya yi kyau. Zuwa farkon Satumba tudun ya yi kore shar, kuma a gefe ta fara ganin sawun kofato a laka. Ranar ce ta farko tun Mayu da ta koma gida tana 'yar waƙa a mota. Kwana huɗu bayan haka ta dawo ta tarar da sawun taya biyu sun ratsa shukar tun daga wannan gefe har wancan, sun yi rami kamar kunya a gona. A tsakiya motar ta kafe, an yi ta tayar da ita gaba da baya har ta tone wuri kamar faɗin ɗaki. Koriyar akori-kura tana can gindin tuffa, Sulo yana cika bokiti.

Ta gangara tudun da sauri har tana tuntuɓe.

"Sulo! Ka ga abin da ka yi?"

Ya ɗago. "Hanyar ƙasa ta yi taɓo, shi ne na biyo ta sama. Tun da can ta nan muke bi in an yi ruwa."

"Shuka ce! Sau biyu na shuka ta! Da hannun nan!"

"Ciyawa ce, za ta tashi. Ai na gaya miki ma ba nan..."

"Kada ka sake gaya mini komai." Ta nuna shi da yatsa. "Ka sayar. Ka sa hannu, na sa hannu. Ba gonarka ba ce yanzu, ka ji? Na gaji. Na gaji da duwatsunka, na gaji da shawararka, na gaji da ganin fuskarka a kyamarata. Ka koma gida ka zauna kamar sauran tsofaffi."

Tsohon ya dube ta, ya dubi bokitin. Ya juye tuffar a ƙasa a hankali, ya sa bokitin a bayan mota, ya shiga. Wannan karon ta hanyar ƙasa ya bi, taɓo na fantsama.

Ranar Asabar ta sayo ƙofar ƙarfe irin ta garken shanu, ta haƙa ramuka biyu a bakin titi, ta kafa ta, ta sa sarƙa da kwaɗo. Da ta ajiye mabuɗin a kan tebur Gordy ya daɗe yana kallonsa.

"Allo fa?" ya ce. "Ba ki sa allo ba. Su kamfani sun sa."

"Gordy, kada ka fara."

"Ban fara ba. Tambaya na yi."

Sati uku ba ta ga Sulo ba. Ta cike ramukan taya, ta gyara tsani, ta naɗe ƙafafun bukka da kwano saboda beguwa. Ta gwada bindiga a jikin kwali, harbi uku, kowanne ta ji shi har cikin haƙora saboda kafaɗa. Dajin ya yi tsit yadda take so, ganye ya koma ja da rawaya. Amma aikin bai yi sauƙi ba. Takan tsinci kanta tana waiwayen tsibin duwatsu, sai ta ji haushin kanta.

Wata Laraba a farkon Oktoba, da misalin ƙarfe biyu, tana kan raba wasiƙu ta hango koriyar motar a bakin ƙofarta, ba kowa a ciki. Ta wuce. Ta yi akwati shida, ta taka birki, ta zauna tana kallon gaba. An yi yayyafi tun safe, sanyi na shiga har ƙashi, kuma daga ƙofar zuwa tuffa ya fi rabin mil. Ta juya mota.

A gindin itacen tuffa na uku ta same shi, zaune a ƙasa, ya jingina, ƙafa ɗaya a miƙe. Rigarsa ta jiƙe, leɓɓansa sun yi shuɗi, sandar tana can gefe inda hannunsa ba ya kaiwa.

"Tun yaushe kake nan?"

"Ban daɗe ba. Hutawa nake."

"Tun yaushe, Sulo?"

"Tun goma." Ya kau da kai. "Ƙugun ne ya ƙi. Ban taɓa shukarki ba, ta gefe na bi."

Ta gwada ɗaga shi, ya yi ƙara, kafaɗarta ma ta yi ƙara. Mota ba za ta shigo ba, hanyar ƙasa ta zama kogi. Waya ba ta kamawa a wurin. Sai ta tuna da abin jan nama da ta ajiye a ƙarƙashin bukka, wani baƙin kwale-kwalen roba mai igiya da ake ɗora barewa a ciki a ja ta a ƙasa. Ta hau tudu ta ɗauko shi. Ta mirgina tsohon ciki, ta lulluɓe shi da rigarta ta aiki, ta ɗaura igiyar a ƙugu ta fara ja.

Ba shi da nauyi sosai, amma taɓo na riƙe roba. Taku ashirin ta tsaya, taku ashirin ta tsaya. Shi kuwa yana kwance yana kallon sama, bakinsa bai mutu ba.

"Ki bi hagu, akwai saiwa a nan."

"Yi mini shiru."

"In da barewa ce da kin fara farke cikinta, ta fi sauƙin ja."

"Kada ka ba ni shawarar da zan ɗauka."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ɗakin da suka ba ni, taga ɗaya ce, tana kallon wurin ajiye motoci. Maƙwabcina talabijin yake kunnawa tun asuba. Ba don in ɓata miki nake zuwa ba, 'yar Reino. Ban san inda zan je ba ne in na tashi."

Ta gyara igiyar a ƙugu, ta ci gaba da ja. Awa ɗaya da kwata suka yi kafin su kai ƙofa. Ta kai shi asibiti a cikin motar wasiƙu, kansa a kan buhun jaridu, sannan ta koma ta ƙarasa sauran akwatunan da hannun hagu.

Ƙugun bai sake karyewa ba, amma Joanne ta zo washegari. Mace ce mai kamar shekarun Lorna, idanunta sun faɗa don tuƙin awa shida. A farfajiyar asibiti ta riƙe hannun Lorna ta yi ta godiya, sannan ta ce ta karɓe mabuɗin motarsa, kuma ta samo masa wuri kusa da gidanta. Za ta dawo ta ɗauke shi ranar tara ga Nuwamba.

"Ki bar shi ya ga buɗe farauta mana," in ji Lorna. "Kwana shida ne."

"Hutun da aka ba ni ke nan a wurin aiki. Kin san sau nawa aka kira ni a waya saboda shi a shekarar nan? Ni ma ina da jiki, Lorna."

Lorna ta gyaɗa kai.

Daga nan duk Lahadi bayan coci sai ta biya gidan tsofaffi ta ɗauko shi. Ƙasa ta fara daskarewa, mota na iya shiga har kufai. Yakan zauna a gaba da bargo a gwiwa da burodi mai nama da dankali a ciki wanda Gordy ya gasa, ya sauke gilashi yana ba da umarni. Ya aike ta ta nemo rijiyar da aka rufe da katako don kada wata rana ta faɗa. Ya nuna mata iyakar arewa, inda aka binne ƙarfen keken doki. Ya sa ta ta bi tsohon shinge har bakin fadama, ta dawo ta gaya masa abin da ta gani.

"Akwai ƙananan itatuwa biyu da aka goge musu ɓawo."

"Sabuwar guga ko tsohuwa?"

"Ban sani ba. Da ɗan dama."

"Namiji ne ya goge ƙahonsa. Yana nan. Na gaya miki yana nan." Ya buga sanda a ƙasan mota. "Ki sauko da benen nan."

"Sulo, saura sati uku."

"Ya isa. Ni da ƙanena mun taɓa gina ɗakin wankan tururi a kwana tara."

Ta dubi tudun, ta dubi fadama, ta dubi tsohon da bargo ya kusa haɗiye shi. Ta san ba za ta sake jin ta bakinsa a wurin nan ba bayan tara ga wata. Ta ce to.

Wannan aikin ne ya kusa kwantar da ita. Ta kwance bukkar ƙusa bayan ƙusa, ta ja katakan a kwale-kwalen roba zuwa gindin itacen da ya rabu biyu, sahu goma sha huɗu. Ƙafafun suka ƙi tsayawa a taɓo, sai da ta koma ta jawo duwatsun da ta tone a Yuni ta zuba a ƙarƙashinsu. Rana ta fara faɗuwa da wuri, awa ɗaya da rabi kawai take samu bayan aiki. Wata rana ta zauna a kan katako don ta ɗan huta, ba ta farka ba sai da sanyi ya tashe ta, guduma na hannunta. Gordy ya daina zolaya. Yakan dafa ruwa ya jiƙa tawul ya ɗora mata a kafaɗa, ya ce, "Naman shanu ma nama ne, Lorna. Ana sayar da shi a kanti."

Ta gama ranar bakwai ga wata. Lahadi ta kawo Sulo, ta matso da mota iyakar inda za ta iya, ya leƙa ta tsakanin itatuwa.

"Tagar ta yi ƙasa da yawa," ya ce. "Amma za ta yi."

Da za su fita ya ce ta tsaya a kufai. Bai sauka ba. Ya daɗe yana kallon itatuwan tuffa da suka zubar da ganye, sannan ya ɗaga gilashi ya ce su tafi, sanyi yake ji. Joanne ta zo da safiyar Litinin ta tafi da shi.

Ranar buɗewa Lorna ta sa rigarta mai ruwan lemo, ta hau bukka tun gari bai gama wayewa ba. Ta ji harbi ta kudu, ta ji ta arewa. A gabanta kuwa ba abin da ya motsa sai kurege. Ta zauna har faɗuwar rana. Washegari haka, jibi haka. Hutun kwana tara ta ɗauka, kuma kwana bakwai a ciki ta yi su tana kallon tsohon shinge, ƙafafunta a daskare, ruwan fadama na ƙanƙara a ƙarƙashinta. A rana ta shida wani maƙwabci da ta haɗu da shi a gidan mai ya gaya mata cewa tun shekara huɗu da aka sare dajin da ke bayan fadamar bareyi suka canja hanya, yanzu ta gabas suke shigowa. Sulo bai sani ba, don rabonsa da shiga can ya fi haka.

A rana ta takwas da hantsi ta haƙura, ta sauko, ta nufi mota ta kan tudu. An yi dusar ƙanƙara kaɗan. Tana kaiwa inda bukkarta take a da, sai ga wani ɗan saurayin namiji mai ƙaho biyu kamar yatsu, tsaye a tsakiyar shukarta yana tonon ciyawa da kofato. Ta durƙusa, ta ɗora bindiga a kan tsibin duwatsu, ta harba sau ɗaya.

Da yamma tana zaune a kicin, hanta na soyuwa da albasa, waya ta yi ƙara. Gordy ya duba ya miƙo mata yana murmushi.

"Yaya?" in ji Sulo. Ko gaisuwa babu.

"Na samu. Ƙarami ne, ƙaho biyu."

"A bakin shinge?"

Gordy yana yi mata alama da kai ta ce e.

"A'a. A kan tudu, cikin shukata. Kwana bakwai na yi a wurinka, kurege kawai na gani."

Ta duba wayar ko layin ya yanke. Tana jin talabijin a bayansa.

"Yaro ne," ya ce daga baya. "Ba shi da hankali. Manyan suna fadama." Ya yi tari. "Ki saurara. In Maris ya zo, kafin toho, ki rage wa tuffa rassa, na tsakiya za ki fara cirewa. Kuma katakon rijiyar nan ya ruɓe. Kina da abin rubutu?"

"Ina ji."

Ta ajiye wayar a kan tebur, muryarsa na fita, ta sunkuya tana kwance takalmi. Jibi Talata za ta koma aiki, an ce za a yi dusar ƙanƙara mai yawa, kuma ba ta sa wa motar aiki tayoyin sanyi ba tukuna.